Yadda ake shirya hanyar ruwa da yin ciko a bayan katangar tare ƙasa

A garuruwan da ke kan gangare, irin su Jos da unguwannin da ke gindin duwatsun Abuja da wasu sassan Gombe, da wuya a gina gida ba tare da an yanke tudu ko an cike kwari ba, kuma duk inda aka yi haka akan ƙare da katanga wadda ƙasa ke jingine da ita a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa babu komai sai sarari. Irin wannan katanga takan tsaya ƙyam duk tsawon rani, har mai gida ya saki jiki da ita, sai damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, a wayi gari ta yi ciki ko ta kwanta gaba ɗaya. Akan ɗora laifin a kan bulo ko ƙarancin siminti, kuma wani lokaci hakan gaskiya ne, amma sau da yawa abin da ya kayar da ita shi ne ruwan da ya taru a bayanta ya rasa mafita.

Lissafin abin ba shi da wuya. Ruwan da zai cika akwati mai mita 1 ta kowane ɓangare nauyinsa kilo 1,000 ne, kuma yana tura bango da cikakken ƙarfinsa, saɓanin busasshiyar ƙasa mai yashi wadda ƙwayoyinta ke riƙe juna, ta yadda kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ne kawai ke komawa turi zuwa gefe. Idan katanga ta kai mita 2 a tsaye, busasshen ciko mai kyau yana tura kowace mita ɗaya ta tsawonta da ƙarfin da ya kai kimanin tan 1.2, amma idan cikon ya sha ruwa har sama, turin yakan haura tan 2.5, wato fiye da ninki biyu. Sannan ƙarfin turin ba ya tafiya daidai da tsayi: idan aka ninka tsayin katanga sau biyu, turin yakan ninku sau huɗu. Saboda haka duk katangar da za ta riƙe ƙasa fiye da mita 1.2, ko wadda mota ko tankin ruwa ko wani gini zai zauna a samanta, sai a nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya zana ta. Bayanin da ke tafe ya shafi abin da ke bayan katangar ne, kuma babu magudanar da za ta ceci bangon da aka ɗora ba rodi ba harsashin kirki.

Tun kafin a sa diga

Mataki na farko ba ya bukatar kayan aiki ko ɗaya, sai dai a zagaya filin a gano inda ruwan zai fita. Wajibi ne a sami wuri mafi ƙasa da gindin katangar inda bututun da za a binne a bayanta zai zubar da ruwansa a fili, kamar kwatar titi ko lambatu ko wani gangaren da ba ya kallon gidan kowa. Idan aka tsallake wannan, aka binne bututu mai kyau amma bakinsa ba ya fita ko'ina, an gina wa ruwa ma'ajiya ne a daidai wurin da ba a son sa. Haka kuma a kiyaye haƙƙin maƙwabci, domin juya ruwa cikin tsakar gidan wanda ke ƙasa da kai hanya ce ta ɗauko rigimar da za ta fi katangar daɗewa. A lokacin zagayen a duba inda indararon rufi ke zuba, da inda ruwan wanki da na banɗaki ke bi, da inda aka haƙa masai ko ramin tsotse ruwa, domin kowannensu yana iya jiƙa cikon ko da ba a yi ruwan sama ba.

Lokacin da ya dace da aikin shi ne rani, a kammala shi kafin ruwan farko. Wajen haƙa, a bar sarari tsakanin bayan katangar da tudun da aka yanke wanda bai gaza santimita 60 ba, kuma ya fi kyau ya kai mita 1, don lebura ya samu wurin tsayawa ya yi daɓe. Kada a yanke tudun a tsaye sak. A kwantar da shi baya ko a yi masa matakai kamar na bene, domin ramin da ya wuce ƙugun mutum yana iya ruftawa ba tare da wata alama ba, kuma matakan suna taimaka wa sabon ciko ya kama tsohuwar ƙasa. Ƙasar da aka haƙo a tara ta nesa da bakin ramin.

Ƙofofin ruwa a jikin katangar

Yayin da magini ke jera bulo, a sa ya dasa gajerun bututun roba masu faɗin inci 2 ko inci 3 da za su ratsa bangon daga baya zuwa gaba, kowanne da ɗan sunkuyo zuwa waje. A jera su kimanin mita 1.5 tsakanin ɗaya da ɗaya, a layin da ke sama kaɗan da ƙasar gaban katangar, kamar santimita 15, don kada laka ta toshe su. Idan bangon yana da tsayi, ana ƙara layi na biyu a sama, a saɓa su da na ƙasa. Waɗannan ƙofofi su ne mafita ta biyu ranar da babban bututu ya toshe, kuma su ne idon mai gida, domin ta nan zai ga ko ruwa na tafiya ko ba ya tafiya. Abin takaici shi ne mai filasta yakan zo daga baya ya ga ramuka a bango ya ɗauka kuskuren magini ne, ya shafe su da siminti don aikinsa ya yi kyau, don haka a gaya masa tun da wuri, a kuma cusa takardar buhun siminti a bakin kowanne har a gama shafe, sannan a cire.

Bayan an gama gini kada a yi gaggawar ciko. Kankare yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, kuma ana auna cikakken ƙarfinsa ne a kwana 28, saboda haka a riƙa ba shi ruwa a makon farko, a jinkirta ciko mai nauyi aƙalla mako biyu, ko fiye idan injiniya ya ce. A cikin wannan jiran ne za a shafe bayan bangon da siminti, idan ya bushe a bi shi da kwalta shafi biyu, ba tare da an rufe bakin ƙofofin ruwan ba. Kwaltar tana hana danshi ratsa bulo ya ci rodi ya fitar da farin gishiri mai kama da kanwa a fuskar bango, amma ba ta rage turin ruwa ko kaɗan, don haka kada wani ya ce tun da an shafa kwalta an huta da tsakuwa.

Shimfiɗa da bututu

A gindin katangar ta baya, a kan diddigen harsashi ko a gefensa, a gyara shimfiɗar da bututu zai kwanta, a ba ta gangara ta santimita 1 a kowace mita 1 zuwa wajen mafita. Katanga mai tsawon mita 10 ke nan kan bututun na sama zai ɗara na ƙasa da santimita 10. Ido ba ya iya auna wannan, sai a yi amfani da siririn tiyo mai ruwa a ciki irin wanda magina ke daidaita gini da shi, a ja igiya a bi ta. A tabbatar babu wani lotsi a tsakiya, domin nan laka za ta fara kwanciya.

Daga nan sai a shimfiɗa yadin tace ƙasa, wanda ake kira jiyotekstayil, irin mai kama da bargo wanda ba saƙa shi aka yi ba. Aikinsa shi ne ya bar ruwa ya wuce ya tare garin ƙasa, don kada ƙasar ta shiga tsakanin tsakuwa ta cike guraben da ruwa ke bi. A fara shimfiɗa shi daga gindin bango, ya bi ƙasan ramin, a ɗaga ragowar a jingina ta a jikin tudu da tsawon da zai isa a lulluɓe saman tsakuwar idan an gama, kuma duk inda yadi biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya da santimita 30. Leda ba ta maye gurbinsa, domin ita ruwan take tarewa gaba ɗaya. Inda ba a samun yadin, akwai tsohuwar dabara da ke aiki sosai, wato a sa yashin rafi mai kaushi, kaurin santimita 15 zuwa 20, a tsakanin tsakuwa da ƙasar ciko, yashin ya tare ƙasa, tsakuwa ta tare yashin. A ƙasa mai yumɓu da yawa ma ya fi kyau a haɗa biyun, domin yumɓu yana iya liƙe yadin idan suna manne da juna kai tsaye.

A kan yadin a zuba tsakuwa kaurin santimita 5, sannan a kwantar da bututun roba mai faɗin inci 4 mai huda a jiki. Idan babu hudadde a kasuwa, ana ɗaukar na PVC mai kauri a huda shi da injin huda, ramuka masu faɗin milimita 8 zuwa 10, layi biyu a rabin bututun na ƙasa, tazarar santimita 10 zuwa 15. Mutane da yawa sukan juya ramukan sama suna zaton ruwa daga sama yake faɗowa cikin bututu, alhali ruwan yana gangarowa ne ta cikin tsakuwa ya taru a ƙasa sannan ya fara hawa, don haka ramukan ƙasa ne ke kama shi tun bai yi zurfi ba. A kan bututun na sama a sa gwiwa a ɗaga wani bututu marar huda ya fito saman ƙasa da murfi, don a samu inda za a zura tiyo a wanke shi nan gaba. Daga inda bututun ya bar bayan katanga zuwa mafita kuma a yi amfani da marar huda. Kafin a rufe komai a zuba bokiti biyu ko uku na ruwa ta sama, a je a tsaya a mafita a ga fitowarsa, domin gyaran da zai ɗauki minti goma a yau, bayan ciko sai an yi haƙan kwana biyu.

Ruwan rufi kada ya shiga wannan bututu. Kwanon gida yana tara ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci, kuma idan aka haɗa shi da hudadden bututu, ramukan da aka yi don shan ruwa za su koma fesa shi cikin ciko. A ja masa nasa bututun dabam.

Tsakuwa da ƙasar ciko

Tsakuwar da ake so ita ce fasasshen dutse mai girman kimanin milimita 20, wanda masu sayarwa ke kira tiri-kwata, mai tsabta, babu gari a jikinsa. Garin dutse da tsakuwar da ta cakuɗe da jar ƙasa ba su da amfani a nan komai arharsu, domin garin yana cike guraben ya daskare. Idan tifa ta kawo kaya mai ƙura, a tankaɗe shi da raga ko a wanke. Za a tayar da shafin tsakuwar ne a jikin bango da kaurin da bai gaza santimita 30 ba, daga bututu har zuwa santimita 30 kafin saman katangar. Katanga mai tsawon mita 10 da ke riƙe ƙasa mita 1.5 za ta ci tsakuwa kimanin kubik mita 3.6 (kubik mita ɗaya shi ne cikin akwati mai mita 1 ta kowane ɓangare), wato 10 sau 1.2 sau 0.3, don haka a sayi 4 saboda zubewa, abin da ya kai wajen tan 6. Yadin tacewa kuma zai kai murabba'in mita 25 zuwa 30.

Bayan tsakuwar akwai sauran ramin da za a cike, kuma a nan ne aka fi yin ganganci, domin duk abin da ke kusa shi ake turawa ciki: ɓaraguzan gini, da baƙar ƙasar sama mai saiwoyi, har da sharar bola. Ɓaraguzai suna barin kogo, shara tana ruɓewa ta lotsa, baƙar ƙasa kuma tana riƙe ruwa. Mafi kyawun ciko shi ne yashi mai kaushi ko ƙasa mai yashi da ƙananan duwatsu, sai marmara mai tsakuwa wadda yumɓunta bai yi yawa ba. Mafi muni shi ne yumɓu mai kumbura, irin baƙar lakar da ake samu a sassan Borno da Gombe da Adamawa, wadda ke darewa da rani har hannu ya shiga, ta kumbura da damina. Irin wannan ƙasa tana tura bango idan ta sha ruwa, idan ta bushe ta janye ta bar tsaga, ƙura da ɓurɓushi su cike tsagar, damina ta gaba ta sake turawa daga inda ta tsaya, har katangar ta karkace a hankali cikin 'yan shekaru. Wanda filinsa ke kan irin wannan ƙasa, gara ya kwashe abin da ya haƙo ya sayo ciko daga waje.

Ana iya gwada ƙasa a wurin aiki ba tare da ɗakin bincike ba. A jiƙa ɗan dunƙule a murza shi a tafin hannu: idan ya miƙe ya zama siririn zare kamar tsinken ashana bai karye ba, yumɓu ya yi yawa. Ko kuma a zuba ƙasar cikin kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Yashi yakan kwanta cikin minti ɗaya, laushin ƙasa cikin sa'o'i kaɗan, yumɓu kuwa yakan kwana yana yawo a ruwan, kuma kaurin kowane layi zai nuna abin da ya rinjaya.

Ciko hawa-hawa

Tsakuwa da ƙasar ciko tare suke tashi, kuma dabarar da ke hana su cakuɗewa ita ce a tsayar da falanki ko tsohon kwanon rufi santimita 30 daga bango, yadin tacewa yana jingine a jikinsa ta ɓangaren ƙasa. A zuba tsakuwa tsakanin bango da falankin, a zuba ƙasa a ɗaya gefen, kowanne kaurin santimita 15, ko 20 idan da injin daɓe ake aiki, sannan a zare falankin a daɓe, a sake tsayar da shi a kan sabon hawa. Kwanon sarki da baro sun fi dacewa da wannan aiki, kuma kada a taɓa barin tifa ta juye kayanta kai tsaye a bayan bango, domin faɗuwar lodi ɗaya tana iya tsaga sabon gini.

Ƙasa ba ta daɓuwa idan ta bushe ƙayau, kuma ba ta daɓuwa idan ta zama taɓo. A yayyafa mata ruwa a juya, a damƙi kaɗan a hannu: idan ta dunƙule ba ta jiƙa tafin hannu ba, kuma da aka sake ta ta faɗi ta fashe gida uku ko huɗu, danshinta ya yi daidai. A cikin mita 1 na kusa da bango a yi amfani da madaɓin hannu ko ƙaramin injin daɓe kawai, domin babban inji yana matsa ƙasa a jikin bango da ƙarfin da ba ya sakewa ko bayan ya tafi. Ana sanin hawa ya daɓu idan diddigen takalmi bai bar zurfi ba.

Akwai al'adar da ta yaɗu a wuraren gini ta sakar wa ciko tiyo ya kwana yana shan ruwa wai don ya zauna. A bayan katangar tare ƙasa wannan kuskure ne babba, domin an jawo wa sabon bango da hannu irin nauyin da duk aikin nan ake yi don kauce masa, kuma ƙasa mai yumɓu ba ta daɓuwa ta wannan hanya, sai dai ta yi laushi ta ci gaba da lotsawa.

Rufe sama

Idan tsakuwa ta kai santimita 30 kafin sama, a naɗo ragowar yadin a lulluɓe ta har ya taɓa bango, sannan a rufe da ƙasa mai yumɓu a daɓe ta sosai. A nan kaɗai yumɓu ke da amfani, domin shi ne murfin da zai hana ruwan sama kwarara kai tsaye cikin tsakuwar. Wasu sukan bar tsakuwar a buɗe har sama don ado, amma hakan yana mayar da bayan katanga kwatar da duk ruwan tsakar gida zai bi, tare da yashi da ganyen da yake ɗauke da su. A ba saman ƙasar gangara ta kimanin santimita 2 a kowace mita don ruwa ya nisanci bangon, kuma idan tudu ne ke gangarowa wajen katangar, a gina ƙaramar kwata ta siminti a bayanta ta kwashe ruwan zuwa gefe. Manyan itatuwa irin su darbejiya da mangwaro da turare a dasa su nesa, saboda saiwoyinsu suna bin danshi har cikin bututu. Ciyawa ta wadatar.

Bakin mafita a sa masa ragar ƙarfe don ɓera da kwaɗi da maciji, a jera duwatsu ko a zuba ɗan kankare a inda ruwan ke faɗa don kada ya zaizaye wurin. Bayan ruwan sama mai ƙarfi na farko a fita a duba: ya kamata a ga ruwa na fita ta bututu, ya yi ta raguwa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ya kasance garau. Ruwa mai laka yana nuna ƙasa na ratsa matatar a wani wuri. Kowace shekara kafin damina a buɗe murfin sama a wanke bututun da tiyo, a zura sanda a ƙofofin bango, domin zanzaro da ƙadangaru suna son su.

Katangar da aka riga aka gina ba tare da komai a bayanta ba, idan har tana tsaye daidai babu tsaga, ana iya rage mata nauyi ta hanyar huda ƙofofin ruwa a gindinta da gyara gangarar sama da kawar da indararon da ke zuba a bayanta, sannan da rani a haƙe bayanta gaɓa-gaɓa, mita 2 a lokaci guda, a sa tsakuwa da bututu. Idan kuwa ta fara karkata, ko ta yi ciki, ko tsaga ta bi layin bulo a kwance, ko ƙasar samanta ta dare a tsawon bangon, a hana yara wasa a gindinta, a janye mota da duk wani nauyi daga samanta, a kira injiniya ya gani kafin kowa ya sa diga a wurin.